Kunnen Jitar Kawu Babba

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya ba mu aron rai kuma Yake karɓar abinSa a lokacin da Ya so. Ya karɓi Kawu Babba, yayan mahaifiyata, wata Laraba bayan girbi, a ɗakinsa nan Gure. Na ɗauki alƙalami ne don kada 'ya'yanmu su tashi ba su san komai a kansa ba sai abin da suka tsinta a bakin masu zaman makoki.

Ni na zauna a kan tabarmin ta'aziyyar tun daga ranar farko, kuma na ji abin da aka faɗa. Liman ya shaida cewa bai taɓa waiwayowa a sallar asuba ya rasa Kawu a sahun gaba ba. Sannan ya rage murya ya ce, "Sai dai abin kiɗan nan. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Mai kantin bakin kasuwa, mutumin Damagaram, ya share hawaye ya ce, "Tun ina saurayi yake sayen sukari a wurina, bai taɓa karɓa ba sai ya sa na sake aunawa a gabansa. Wallahi zan yi kewar wannan wulaƙancin." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka koma salati. Wata tsohuwa daga wajen Bune, wadda babu wanda ya san ta, ta tsaya a ƙofar zaure ta yi kuka mai isarta, ta ajiye ƙwaryar nono ta tafi.

Amma duk wanda ya shafa fatiha sai ya saci kallon hanyar Gidigir. Kowa yana jira ya ga ko Kawu Ƙarami zai zo, ƙanen mamacin uwa ɗaya uba ɗaya, wanda rabonsa da gidan an yi shekaru. Ya zo, bayan an dawo daga maƙabarta. Ya sauko daga kamiyonsa, babbar motar kayan da yake ja, ya zauna can ƙarshen tabarma inda baƙi ke zama. Ban gama amsa gaisuwarsa ba na ji wani a bayana yana raɗa cewa, "Jitar ya zo ɗaukewa kafin a buɗe ta."

Sai na yi bayanin mamacin kafin a gane wannan raɗar.

Kawu Babba mutum ne mai zargi. Ba zan ɓoye ba, don wanda ya san shi zai ce na yi ƙarya. Idan ka gaishe shi da fara'a fiye da jiya, sai ya dube ka ya ce, "Me ka zo nema?" Idan aka kawo masa fura sai ya shinshina. Ni da ya san na yi karatun allo na sauke, idan na ja masa aya sai ya ce, "Malam ƙarami, ka tabbata haka take, ko ka ƙara mata gishiri?" Mahaifiyata takan ce ba haka ya tafi soja ba, haka ya dawo. Bai taɓa gaya mana abin da ya gani a can ba.

Alherinsa ma da zargi yake tafe. A shekarar farin da dabbobi suka ƙare, makiyaya suka sauka a gefen gari ba su da komai, wata mata ta roƙe shi hatsi. Ya auna mata, sannan ya bi ta a baya daga nesa, wai ya ga ko sayarwa za ta yi. Ya tarar da ita tana daka wa yara da wani tsoho makaho. Ya koma gida ya ɗauko rabin buhu a kansa, ya dire a gabanta yana faɗa: "Ke wace irin mace ce? Kina da wannan tulin bakuna ki ce mini kwano ɗaya?" Ina kyautata zaton ita ce mai ƙwaryar nonon.

Sana'arsa gyaran rediyo da fitilu a rumfar kasuwa. Amma abin da aka fi saninsa da shi ita ce jitar lantarki da ya dawo da ita daga soja. Ya ce a bakin teku ya same ta hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, kuma tun a lokacin ta tsufa. Mu ba gidan makaɗa ba ne, kuma shi bai taɓa yi wa kowa kirari ba. Ranar Alhamis bayan la'asar yakan fito da ita tsakar gida, ya jona ta da akwatin ƙara sauti da muke kira ampili, ya jona ampilin da batirin mota, ya kaɗa taken garayar da ya ji yana yaro. Da ladan ya gyara murya zai zare waya. Batirin kuwa Kawu Ƙarami ne ke kawo masa, ya ɗauki wanda ya mutu ya cika shi a kamiyonsa a kan hanya. Shekaru suna haka.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar akwai wani ɗan ƙarfe mai murfi, tsawon yatsa da rabi. Shi ake kira mikoro, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa ampili. Kawu ya taɓa nuna mini cikinsa ina saurayi: maganaɗisu ne aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashin kai. Zaren da Turawa suka ɗaure wayar da shi ya ruɓe tun da daɗewa, sai Kawu ya sake ɗaure ta da zaren da Iya, kakarmu, ta kaɗa da hannunta ta rina da baba kafin ta rasu. Abin da ya rage musu na aikin hannunta ke nan, shi da ƙanensa da mahaifiyata.

Wannan tsohon mikoro yana da wata ɗabi'a. Ba tsirkiya kaɗai yake ji ba. Idan ka ƙwanƙwasa jikin jitar za ka ji a ampili, idan ka kai bakinka kusa ka yi magana za ka ji muryarka can ƙasa, siririya, kamar daga cikin rijiya. Don haka Kawu ba ya taɓa tsirkiya sai ya sunkuya ya ce wa mikoron, "Salamu alaikum." Ampili ya mayar masa. Sai ya ɗago yana duban mu ɗaya-ɗaya ya ce, "Kun ji? Tana ji." A duk Gure ban san wani abu da ya yarda da shi kamar wannan ɗan ƙarfen ba.

Wata shekara aka turo mana wani ma'aikacin asibiti daga yamma, saurayi mai ladabi, shi ma yana da jita, sabuwa fil, ja kamar gauta. Ya ji labarin Kawu ya zo da ita ranar Alhamis. Aka jona tasa. Da ya ja tsirkiya ɗaya sai da kaji suka watse. Murya ce mai kauri, mai cika ƙirji, kuma idan ya saki tsirkiyar sai ta yi ta tafiya ba ta son mutuwa. Matasan unguwa suka cika ƙofar gida. Aka jona ta Kawu, sai ta zama kamar an rage wutar fitila. Amma a tasa kana jin kowace tsirkiya daban, kana jin farcensa, idan ya taɓa a hankali ta yi raɗa, idan ya matsa ta ɗaga murya.

Saurayin ya ce, "Baba, taka tana da daɗi, amma a fili babba ba za a ji ta ba. Kuma ka ji yadda take gurnani ko ba a taɓa ta ba?"

Kawu ya ce, "Numfashi ne. Kai ba ka numfashi?"

"Tawa shiru take sai an taɓa."

"Ba ni ita."

Ya sunkuya ya yi wa sabon mikoron sallama. Shiru. Ya sake, da ƙarfi. Shiru. Ya miƙa masa ya ce, "Ɗana, taka tana da baki amma kurma ce. Ko ka lallaba ta ko ka mare ta, amsa ɗaya take ba ka. Ni ina tsoron mai irin wannan halin."

Saurayin ya yi dariya ya ce, "To Baba, ranar biki a kira ni, ranar hira a kira ka." Suka zama abokai, har yakan kawo wa Kawu maganin ido, Kawu ya karɓa ya ɗaga kwalbar a rana yana dubawa.

Rigimar ta zo ne ta hanyar biki. Wani abokin Kawu Ƙarami, direba, zai yi shagali a Damagaram, kuma Kawu Ƙarami ya iya kiɗa daidai gwargwado, a hannun yayansa ya koya. Ya roƙi aron jitar. Kawu Babba ya hana, ya hana, sai da mahaifiyata ta sa baki ta ce, "Yaya, wanda yake ɗauko maka batiri a kafaɗa shi za ka hana?" Ya bayar, yana jero sharuɗɗa har bakin mota.

Ina gidan ranar da aka dawo da ita. Kawu ya juya ta gaba da baya, ya ƙirga tsirkiyoyi, ya jona, ya sunkuya ya yi sallama. Ampili bai amsa ba. Ya sake. Ya ƙwanƙwasa jikinta, shiru. Ya ja tsirkiya: muryar tana nan, amma ta yi sumul, wannan ɗan kaifin da ke samanta ya tafi, kamar mutum yana magana da mayafi a baki.

Ya ce, "Ina mikorona?"

Kawu Ƙarami ya ce, "Ga shi nan a jikinta, Yaya. Bari in gaya maka. A wurin bikin da aka ƙure ampili sai ta kama ihu, tsiii, mutane suna toshe kunne. Na ji kunya. Wani mai gyaran rediyo ya ce wayar ciki ce ke rawa, haka tsofaffin suke, sababbin kuwa tun daga masana'anta ake tsoma su a kaki. Muka narka kakin zuma muka tsoma shi. Ihun ya tsaya. Na ɗauka za ka yi murna."

"Murna."

"Gyara na yi maka."

"Murfin nawa ne, na gani. Na cikin fa? Nawa mai rediyon ya ba ka? Sun san darajar tsoho a birni, sun zuba maka kurma sun rufe."

"Yaya, ni? Da zaren Iya a jiki?"

"Kai ka ambaci zaren Iya, ba ni ba."

Kawu Ƙarami ya zaro turnabis, abin kwance ƙusa, daga aljihu ya jefa a tabarma. "Ƙusa biyu ne. Buɗe ka gani!"

Kawu Babba ya dubi turnabis ɗin, ya ɗauki jitar ya shige ɗaki ya rataye ta a bango. Ba a sake jin kiɗa a gidan ba.

Gure ba ta da girman da magana za ta ɓace. Kafin kasuwa ta sake ci, an ce ƙanen ya sayar da kayan yayansa. Masu ba shi kaya ya kai Gamu ko Bune suka fara ƙirga buhunansu a gabansa suna kallonsa. Wata rana a tasha wani ya ce masa "mai kakin zuma", aka yi dambe. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Gidigir. Idan ya ratsa Gure yakan tsaya ya gaida mahaifiyata, ya wuce ƙofar yayansa bai rage gudu ba.

Mahaifiyata ta yi iya yinta. Ina zaune wata rana ta ce, "Yaya, don girman Allah, ka buɗe abin nan kowa ya huta."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Idan na buɗe ban ga zaren Iya ba, ba ni da ƙane. Yanzu kuwa ina da ƙane, fushi nake yi da shi."

"In ka ga zaren fa?"

Sai ya ce mata furar da ta kawo ta kwana.

To, wannan shi ne abin da Kawu Ƙarami ya zo da shi a ƙirji ya zauna a ƙarshen tabarma. Mutum ɗaya ne zai iya wanke shi, ga shi an binne. A cikin kwanakin makoki wasu suka ce a fasa jitar don kada ta zame wa mamaci nauyi. Da ya ji haka sai ya tashi tsaye, karo na farko da ya ɗaga murya, ya ce, "Wanda ya fasa ta kafin a buɗe, ni ya fasa." Masu raɗa suka ce to ga shi, yana son ya keɓe da ita. Sai mahaifiyata ta sa aka kulle ɗakin, ta ba ni makulli, ta ce sai ranar sadakar arba'in, a gaban shaidu.

Ranar, bayan an raba waina an watse, da hantsi, muka zauna a tsakar gida: ni, da mahaifiyata, da Liman, da mai kantin nan, da ma'aikacin asibiti. Matar Kawu tana cikin takaba, tana ɗakinta bayan labule. Na ɗauko jitar na ajiye a tabarma. Kawu Ƙarami ya ce shi ba zai taɓa ba, kada a ce ya yi wani abu, ya miƙa wa ma'aikacin asibiti turnabis.

Saurayin ya sa a ƙusa ta farko, sai ya tsaya. Ya ce, "Wannan a kwance take. Dubi kanta, duk ya cinye. An sha buɗe ta, kuma ba da daɗewa ba."

Na ga idon mai kanti ya sauka a kan makullin da ke hannuna. Na ga Liman ya dubi Kawu Ƙarami. Shi kuma ya dube mu duka ya ce, "An riga ni. Yanzu ko me aka gani a ciki, ni za a ce."

Sai muka ji murya daga bayan labule. "Ku daina kallon juna. Shi ya buɗe."

Matar Kawu ta turo wani ɗan ƙoƙo ta ƙarƙashin labulen. Mahaifiyata ta ɗauko. Ɓarɓashin kaki ne a ciki, rawaya, ƙanana kamar tsaba, da allura ɗaya.

Matar Kawu ta ce, "Farkon daminar nan ne. Na shigo da ruwan alwala na same shi ya kwance ta a cinya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mini, 'Yaron nan gaskiya ya faɗa.' Na ce to Malam, motar Gidigir tana tashi gobe. Ya ce, 'In je da wane ido? Sai na buɗe mata kunne tukuna, in kai masa ita ya yi mata sallama ta amsa, sannan in yi magana.' Kullum da safe idan rana ta haska ƙofa sai ya zauna da allurar nan yana ƙwaƙule kakin. Idonsa ya yi rauni, yana tsoron ya tsinka wayar, wani lokaci wuni guda ɗan abin da zai cire bai kai ƙwayar gero ba. Na ce ka aika a kira shi mana. Ya ce in na gaya wa kowa bai yafe ba. To yanzu ya tafi, ni kuma ba zan iya riƙewa ba."

Kawu Ƙarami bai ɗago ba. Jinin gidan ne a jikinsa. Ya ce, "Matar Yaya, kada ki shirya mini magana don ki sanyaya mini rai."

Ta ce, "Ina cikin takabar yayanka zan zauna in murza kaki in zuba a ƙoƙo saboda kai? Kai ma ka cika ɗan'uwansa. Ku buɗe mana."

Aka ɗaga murfin. Zaren yana nan, shuɗi mai duhu, kaɗin hannu, wani wuri kauri wani wuri siriri, yadda Iya take yi idan tana kaɗi tana faɗa da jikoki. Gefe ɗaya an share shi tas, kana ganin sawun allura layi-layi. Ɗaya gefen yana nan cikin kaki. Mahaifiyata ta kai yatsa ta taɓa zaren, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Liman ya gyara zama ya ce, "Jama'a, mun gani da idonmu. Wanda ya taɓa faɗin wata magana a kan bawan Allahn nan, ya san inda zai kai ta." Mai kanti ya miƙo hannu biyu ya ce, "Ni na faɗa, a kantina, ba sau ɗaya ba. Ka yafe mini." Kawu Ƙarami ya ba shi hannu bai dube shi ba. Zaren yake kallo.

Can ya tashi ya fita. Muka ji yana fama da wani abu a kamiyo, sai ga shi da batiri a kafaɗa, yadda ya saba shigowa da shi a da. Ya dubi Liman. Liman ya ce, "Ba kiɗa za ka yi ba ai." Kawu Ƙarami ya mayar da murfin da hannunsa, ya ɗaure ƙusoshin, ya jona wayoyi. Ampili ya yi tari, ya kama gurnaninsa na da.

Ya durƙusa, ya kai bakinsa kusa da mikoron, ya ce, "Salamu alaikum, Yaya."

Zan faɗi gaskiya, don rubutun nan zai riga ni zuwa gaban Allah. Ni ban ji komai ba sai gurnanin. Na tambayi ma'aikacin asibiti daga baya, ya ce shi ma bai tabbata ba, rabin kakin yana nan. Amma Kawu Ƙarami ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, ya dube mu ɗaya-ɗaya ya ce, "Kun ji? Ta amsa."

Daga bayan labule matar Kawu ta ce, "Na ji." Mahaifiyata ta ce ta ji. Babu wanda ya ce a sake gwadawa.

Jitar tana Gidigir yanzu, da ƙoƙon da allurar. Na tambaye shi ko zai ƙarasa cire kakin, ya ce a'a, inda Yaya ya tsaya nan za ta tsaya.

Ya Allah, bawanKa ya zo maka da sahun gaba, da rabin buhun hatsi, da aikin allura da bai gama ba. Ya yi nufin zuwa Gidigir, Ka fi mu sanin haka. Ka karɓi niyyarsa a matsayin tafiyar, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Iya. Wanda ya karanta wannan, ya yi masa fatiha.